Uwar Kwaɓi

A shekarar da aka canja kuɗi daga fam zuwa naira, shekarar da damina ta yi wa mutane rowa, Lami ta fara ganin Isyaku a bakin titin Zariya, nan Gyaɗi-Gyaɗi. Ta kawo wa mai tsiren unguwa gurasar yamma kamar kullum, shi kuma yana durƙushe yana fama da sarƙar kekensa da ta zame. A bayan keken an ɗaure wani akwatin katako cike da burodi.

Ya ɗago da hannu duk baƙin mai, ya ce a sayar masa da gurasa ɗaya.

Lami ta dubi akwatin, ta dube shi. "Mai burodi da sayen gurasa? Ko naku ba ya ciyuwa ne?"

"Namu na cika ciki ne kawai," in ji shi. "Taku kuwa tun daga nesa ƙamshinta ya sauke mini sarƙa."

Mai tsire ya yi ta dariya, Lami ta ja gyale ta rufe rabin fuska ta yi gaba. Daga ranar nan sarƙar Isyaku ta koyi zamewa a wuri ɗaya, kuma kullum sai bayan la'asar. Ba a taɓa ganin sarƙa mai sanin lokaci irin tasa ba.

Mutumin wani ƙauye ne a wajen Kura, maraya, ya shigo birni neman abin yi. Aiki yake a Tarauni, a gidan burodin wani mutumin Gabas mai suna Obiechina, wanda ya dawo Kano bayan yaƙi ya sake buɗe sana'arsa. Da ya fara zuwa zance ƙofar gidansu sai ya sa mata suna Laminde. Ita kuwa kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, Mai Keke take ce masa, shi ma yana amsawa da sauri kamar sunan yanka.

Lami da mahaifiyarta, Inna Asabe, su biyu ne a gida tun rasuwar mahaifinta. Gurasa ce cinsu, ita ce suturarsu. Kuma duk gurasar gidan daga wuri ɗaya take tashi, wata 'yar tukunyar ƙasa da ke ajiye a gindin randa an rufe ta da faifai. A cikinta akwai tsohon kwaɓi mai tsami, wanda a gidan suke kira uwar kwaɓi. Kowace safiya Inna za ta ɗibi kaɗan ta haɗa kwaɓin ranar, sannan ta mayar wa tukunyar garin alkama da ruwa. Ciyarwa take kiran wannan aikin, kuma ko ita ba ta karya ba sai ta ciyar da tukunya.

Inna ta karɓi uwar kwaɓin ne daga hannun mahaifiyarta ranar da aka kai ta ɗakin miji, mahaifiyar ma haka ta karɓa daga tata. Al'adar gidansu ke nan, ba a fitar da amarya sai uwarta ta ɗibar mata. 'Yan'uwanta duk sun bar sana'ar, a hannunta kaɗai abin ya rage.

Inna ba ta ƙi Isyaku ba da farko. Ta ce yaron yana da ladabi, aibinsa ɗaya, yana yawo da kumfa a akwati yana kiranta abinci. Har ƙaninta, Kawu Inuwa, ya fara maganar a turo manya.

Sai fari ya tsananta. Alkama ta yi tsada, wadda ake samu ma ba ta da kyau. Ana cikin haka zazzaɓi ya kwantar da Inna, aiki ya dawo kan Lami ita kaɗai. Uwar kwaɓi ta yi sanyi, kwaɓin da yake tashi kafin hantsi ya koma sai azahar. Gurasa tana makara, masu tsire suna ƙorafi. Lami tana sauri tana manna gurasa a jikin tanderu, har wuta ta zane mata hannaye.

Isyaku ya ga ƙunar nan wata yamma, ya kasa ɗauke ido. Washegari ya roƙi maigidansa, ya zo mata da wani gari a ƙunshin takarda.

"Yis ne, Laminde. Shi muke sa wa burodi. Ki sa ɗan kaɗan, kafin ki idar da walaha kwaɓi ya tashi. Ki huta, don Allah. Hannun nan nawa ne, ba na tanderu ba."

Shi a kwaɓin ranar yake nufi. Amma Lami ta tashi ne tana ganin uwar kwaɓi kamar wata tsohuwa a gidan, mai jin yunwa, mai jin sanyi. A tunaninta, tunda tsohuwa ce ba ta da lafiya, ai ita ya kamata a bai wa magani. Ta buɗe faifai ta juye ƙunshin duka a cikin tukunyar, har da bisimilla.

Da safe tukunya ta cika ta tumbatsa. Lami ta yi murna, ta gasa gurasa da wuri, ta kai wa Inna mai zafi har shimfiɗa. Inna ta gutsura, ta tauna sau biyu, ta ajiye. Ta dafa bango ta fita tsakar gida, ta durƙusa a gindin randa ta shinshina tukunyar. Ta daɗe a durƙushe kafin ta tambayi abin da aka zuba. Lami ba ta iya ƙarya ba, ta faɗa mata komai.

Da Inna ta yi faɗa, da abin ya zo da sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ɗauki tukunyar ta kai bayan ɗaki ta zubar, ta wanke hannunta, ta koma ta kwanta ta juya fuska ga bango. Daga baya masu sani sun ce da an yi haƙuri an ci gaba da ciyarwa, mai yiwuwa tsohon tsamin ya dawo. Amma a safiyar nan Inna ba ta da haƙurin da za ta ara wa kowa.

Sai da yamma ta yi magana, tana kwance yadda take.

"Ki ce wa mai burodi kada ya sake tsaya mini a ƙofa. A gidanmu ba a taɓa kai 'ya ɗaki babu uwar kwaɓi ba. Me zan ɗibar miki yanzu? Ɗan abin da ya rage mini na uwata ke nan. Ya sa na sake binne ta, sannan in ɗauki 'yata in ba shi?"

Lami ta ce ita ta zuba, ba shi ba. Inna ta ce ta sani, amma ita ba ta da wata 'yar, ba za ta iya korar ta ba.

Tanderu ya mutu. Inna ta warke daga zazzaɓi, amma ba ta koma bakin wuta ba. Ta ce ba za ta sayar wa mutane gurasar yis da sunan gidansu ba. Lami ta koma yin surfe da wankau a maƙwabta don su sami na tuwo. Kawu Inuwa ya zo ya yi magana har bakinsa ya gaji. Obiechina da kansa ya tako daga Tarauni, ya tsaya a zaure da hularsa a hannu, ya ce shi ya bayar da yis ɗin, a ɗora masa laifin. Inna ta amsa gaisuwarsa daga ciki, ta tambayi iyalinsa, ta yi masa fatan alheri, maganar ba ta wuce nan ba.

Cikin kwanakin ne Ɗan'azumi mai sayar da hatsi ya fara zuwa da sabon babur ɗinsa. Mutum ne mai kirki daidai gwargwado, sai dai zancensa bai wuce farashin gero. Inna ba ta ce wa Lami ta so shi ba, ba irinta ba ce. Amma duk zuwansa sai ta sa an shimfiɗa masa tabarma mai kyau, kuma wannan ma magana ce.

Isyaku kuwa ya ɓace. Ya canja hanyar kai burodi, ya daina bi ta titin Zariya. Lami tana fita da la'asar ba tare da wani dalili ba, ta tsaya nesa da mai tsire, ta dawo. Ta fara gaya wa kanta cewa ya tsere ne, ya kunna mata wuta ya bar ta a ciki. Wannan tunanin ya fi yunwa cin ta.

Wata safiya ta je Tarauni kai wanki, sai ga shi yana tura keke. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya so ya kauce, ta tsaya masa a gaba.

"Ashe kana garin."

"Da wane ido zan dube ki, Laminde? Na kashe muku sana'a. Na ga babur a ƙofarku. Shi yana da alkama, ni takardar yis kawai na iya kawowa."

"To ka raba ni da uwata, yanzu kuma za ka yi kyauta da ni? Wa ya ba ka ni da har za ka bayar?"

Ta jira, ta jira, ya sunkuyar da kai yana murza birki. Ta ɗauki ƙunshin wankinta ta wuce, kuma ba ta yi kuka ba sai da ta shiga gonakin da ke tsakanin Tarauni da unguwarsu, inda karan dawa ya bushe a tsaye bai fitar da kai ba.

A ranar ta yanke shawarar ta tayar da uwar kwaɓi da kanta. Ta ce ai wata mace ce ta fara ta tun asali, kuma da gari da ruwa ta fara. Ta sami wata tukunya, ta sayo fulawa 'yar kaɗan da kuɗin surfe, ta kwaɓa ta rufe.

Da farko abin ya yi kumfa, zuciyarta ta yi tsalle. Sai kuma ya kwanta, wani ruwa ya taso a kai, ya fara wari. Ta ce ya mutu, ta zubar. Ta sake, aka maimaita. Wani karon har fumfuna ya yi. Kowane tafin gari da ta zubar daga bakinsu ta cire shi, a shekarar da mutane ke zuwa daga arewa suna bin gida-gida neman dusa. Inna tana ganin komai daga ƙofar ɗakinta, tana kaɗi, ba ta taɓa cewa uffan ba.

Lami ta daina kitso, ta daina lalle. Ta gaya wa Ɗan'azumi gaskiya, ya ɗauke babur ɗinsa ba tare da rigima ba, har ta ji tausayinsa. Gida ya yi tsit. Uwa da 'ya suna cin tuwo a kwano ɗaya, kowacce tana jin kewar 'yar'uwarta, kuma babu mai iya fara magana. Lami ta kai inda ta daina roƙon Allah ya ba ta Isyaku, sai dai ya cire mata shi daga rai, wannan ma ba ta samu ba.

Ana cikin azumi Kawu Inuwa ya shigo da wani ɗan buhu, ya ce an bar shi a shagonsa a kawo wa Lami. Alkama ce. A bakin buhun an soke wata 'yar takarda, da irin rubutun wanda ya koyi boko da girmansa.

"Laminde, na ji kina zubar da gari. Fulawar kanti ba ta da rai, an cire mata komai. Wannan ta fadamarmu ce. Ba don a yafe mini na kawo ba. Bayan salla zan bi motar kaya zuwa Ikko, don zama kusa da ke ba na ganin ki ya fi ƙarfina. Ki ci abinci. Naki, Mai Keke."

Ta karanta, ta ninke. Ta zauna a ƙasa kusa da buhun.

Inna ta taso ta zura hannu a ciki, ta baza ƙwayoyin a tafinta. Manya ne, zaɓaɓɓu, babu tsakuwa, babu ƙwaro, an gauraya su da toka. Ta dubi ƙaninta ta ce wannan ai iri ne. Kawu ya ce ƙwarai, rabon yaron ne na irin da mahaifinsa ya bari, wanda ya yi niyyar shukawa in ya tara abin noman rani. A keke Isyaku ya je Kura ya ɗauko, da azumi a bakinsa. Inna ta mayar da alkamar buhu, ta kakkaɓe hannu, ta koma ɗaki.

Lami ta wanke alkamar, ta shanya, ta niƙa a dutse. Ta kwaɓa da ruwan rijiya, ta rufe, ta ajiye a gindin randa. Ya yi kumfa kamar na baya. Sannan, kamar na baya, ya kwanta ya fara wari.

Ta daɗe tana kallon tukunyar. Salla ta matso, kuma babu wani buhun da zai zo bayan wannan. Ta ɗauka ta nufi bayan ɗaki, hawaye na ɗiga a kan faifan.

"Ajiye."

Muryar Inna ce. Ta taso ta karɓi tukunyar, ta buɗe, ta kai hanci.

"Wa ya ce miki ta mutu? Ni ban taɓa tayar da ita daga farko ba, amma na san warin mutuwa, na san warin yunwa. Wannan yunwa ce. Duk waɗanda kika zubar, yawancinsu da ransu kika zubar."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Inna?"

"Fushi nake," in ji Inna. "Rage rabi. Kawo gari."

Haka suka riƙa yi kowace safiya, a rage rabi, a ciyar, a rufe. Rabin da aka rage ba a zubarwa, Inna na soya shi su sha ruwa da shi. Ta nuna mata kaurin da ake so, da yadda ake taɓa cikin tukunya a ji ko ta yi sanyi. Ba su yi maganar Isyaku ba ko sau ɗaya. Sannu a hankali warin ya juya ya zama tsami mai daɗi, kwaɓin ya fara tashi yana sauka a kan lokaci.

Ana jibi salla suka hura tanderu. Lami ta ciro gurasar farko ta miƙa wa Inna, suka jira aka kira magariba. Inna ta sha ruwa, ta gutsura, ta tauna a hankali, idonta a rufe.

"Ba ita ba ce," ta ce.

Sai ta fashe da kuka, irin kukan da Lami ba ta gani ba ko ranar rasuwar mahaifinta. Ashe duk kwanakin nan ita ma a ɓoye tana sa ran ɗanɗanon uwarta zai dawo. Bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. Lami ta zauna gefe. Ta san shi ke nan, ta fara lissafin yadda za ta rayu a garin da babu Mai Keke.

Aka yi salla, gidan babu walwala. Washegari da hantsi Inna ta yafa mayafinta ta fita, ba ta ce ga inda za ta ba. Shagon Kawu Inuwa ta je. Ta ce masa ya hau kekensa ya tafi Tarauni yanzu, in yaron nan bai riga ya tafi ba, ya ce masa ya turo manyansa. Kawu ya tarar da Isyaku ya ɗaure kayansa a tabarma, yana sallama da Obiechina.

Biki bai yi armashi irin na shekarun ƙoshi ba. Babu gara mai yawa, babu makaɗa. Amma an ɗaura aure a ƙofar gida, an raba goro, Obiechina ya aiko da burodi akwati guda, kuma mutanen unguwa sun ci gurasar da suka daɗe ba su gani ba.

Da lokacin fita da amarya ya yi, mata suka tsaya cirko-cirko, don kowa ya san al'adar gidan, kuma kowa ya san abin da ya faru. Inna ta shigo ɗakin da tukunyar Lami a hannu ɗaya, 'yar ƙwarya a ɗayan. Ta ɗora tukunyar a cinyar 'yarta, ta durƙusa a gabanta, ta miƙa ƙwaryar.

"Ni ya kamata in ɗibar miki. Ba ni da ita. Ke ki ɗibar mini."

Lami ta ɗiba, har ya zuba a kan lallenta. Inna ta dafa kanta ta ce Allah ya yi mata albarka, ya zaunar da ita lafiya, ya ba ta 'ya'ya masu jin ƙanta, kada ya sa ta ga ranar da tukunyarta za ta kwana da yunwa. Sannan ta sunkuya ta raɗa mata wata magana a kunne.

Ɗaki ɗaya Isyaku ya kama a Tarauni. Bayan 'yan rakiya sun watse ya shigo, ya yi sallama, ya zauna can bakin tabarma kamar baƙo. Bai ce ta buɗe fuska ba, bai yi wasan da angwaye ke yi ba. Abin da ya daɗe yana cin sa ya fara tambaya.

"Laminde, Inna ta ba ni ke ne don ta gaji, ko kuwa?"

Lami ta ɗaga mayafinta da kanta ta dube shi.

"Ta ce in gaya maka ta yafe. Ta ce kuma gobe ka biya ta gida, akwai sauran alkamarka da ta ɓoye ba ta bari na niƙa ba. Ta ce ka je ka shuka."

Isyaku ya rufe fuska da tafukansa, kafaɗunsa suna rawa. Lami ta matso kusa da shi, ta bar shi ya yi kukansa. Allah ya ba su zaman lafiya, ya sa albarka a abin da za su shuka.